Ɗora Wa Tsohuwar Mota Babban Inji: Bayani Ga Sabon Hannu

A garuruwa da ƙauyukan ƙasar nan, tun daga Ikko har Maiduguri, akwai tsofaffin motoci da har yau suke ci da iyali. Wasu na ɗaukar kaya ranar kasuwa, wasu na kai yara makaranta, wasu kuwa gado ne da mai su ba ya son rabuwa da shi. Idan irin wannan mota ta fara nishi a kan hawa, tana shan baƙin mai kamar ruwa, hayaƙi na bin bayanta, shawarar da ta fi saurin zuwa wa mai ita ita ce ya cire tsohon injin ya ɗora mata wanda ya fi shi girma. Abokai za su ce masa ai kuɗin ɗaya ne, gara ya sayi mai ƙarfi. Mai sayar da inji zai ce masa aikin yini guda ne. Shi kuwa bai taɓa yin irin wannan aiki ba, ko da hannunsa ko ta hannun makaniki.

Abin da ya kamata irin wannan mutum ya fara sani shi ne, sayen injin da ɗora shi su ne ƙaramin ɓangare na aikin. Masu ƙera mota sukan auna kowane sashe nata daidai da ƙarfin injin da suka sa mata: birki, da giya, da lagireto, da sifirin, da tayoyi. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar sauran yadda suke, ya yi kamar wanda ya ɗaura wa ingarman doki linzamin da aka yi domin jaki. Dokin zai yi gudu, amma ranar da aka so tsai da shi za a gane kuskuren.

Mece ce ma'anar babban inji?

A cikin kowane inji akwai ramuka da ake kira silinda, inda fistin ke hawa da sauka. Girman inji shi ne jimlar iskar da fistin-fistin ɗin nan ke turawa idan kowanne ya yi tafiya ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Ana auna shi da cc, kuma cc 1000 su ne lita ɗaya. Inji mai cc da yawa yana zuƙar iska da fetur da yawa a kowane juyi, saboda haka ƙarfinsa ya fi yawa, zafin da yake haifarwa ya fi yawa, haka kuma a galibi nauyinsa.

Motoci biyu da jama'ar Nijeriya suka sani ƙwarai sun isa misali. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka kuma fara harhaɗa na Volkswagen a Ikko. Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, injinta na fetur cc 1618 ne. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968 da inji mai cc 1796, sa'an nan a 1970 aka ƙara shi zuwa cc 1971. Waɗannan injuna uku 'yan gida ɗaya ne, dukkansu silinda huɗu, dukkansu a kishingiɗe suke zama cikin mota. Amma a duba abin da kamfanin da kansa ya yi: 404 ta farko birkin ganga gare ta a ƙafafu huɗu, 504 ta farko kuwa an yi mata birki mai faifai a ƙafafu huɗu. Haka Volkswagen Beetle. Injinta na 1200 ƙarfin doki 34 yake bayarwa, na 1600 kuwa ya kai 50, watau ƙari na kusan rabi. Da kamfanin ya fitar da samfurin 1500 a Turai a 1966, sai da ya sa masa birki mai faifai a gaba. Injiniyoyin da suka ƙera motar ba su yarda su ƙara inji su bar birki ba. Bai kamata sabon hannu ya ɗauka ya fi su sani ba.

A fara tabbatar da ciwon

Da yawa daga motocin da ake cewa injinsu ya yi ƙanƙanta, tsufa ne kawai ya kama injin, ko kuma rashin kulawa. Motar da ta ɗauki fasinja da kaya ta hau tudun Jos tana sabuwa, ba girman injinta ne ya ragu ba. Kafin a yi maganar sauyi, wajibi ne a duba ƙananan abubuwa: fulogi, da matatar iska, da kafireto, da saitin wuta, da salansar da ta toshe, da kulocin da ke sulɓewa, har ma da birkin da ke kama ƙafa ba a sani ba. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya sa mota ta yi sanyin jiki.

Bayan wannan sai gwajin matsi. Makaniki zai cire fulogogi, ya ɗaura ma'auni a ramin kowace silinda, ya juya inji da kika, ya rubuta abin da allura ta nuna. A inji mai lafiya, bambancin da ke tsakanin silinda da silinda bai cika wuce kashi goma cikin ɗari ba. Idan wata ta yi ƙasa, sai a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a sake gwadawa. In matsin ya tashi, zobban fistin ne suka cinye. In bai tashi ba, a nemi laifin a bawul ko a gasket. Wannan gwaji bai kai awa guda ba, kuma yana iya nuna cewa abin da motar ke bukata shi ne a kwance injinta a sabunta zobba da bawul da sauran abin da ya cinye. Injin da aka yi wa irin wannan gyara da kyau yakan dawo kusa da ƙarfinsa na asali, ba a taɓa giya ba, ba a yanke waya ba, ba a sauya takarda ba. Ga yawancin masu tsofaffin motoci, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da aljihu da kuma kwanciyar rai.

Idan kuwa injin ya fashe, ko ya lalace har gyara ya fi saye tsada, to, sauyi ya zama dole. A nan ne zaɓi yake da muhimmanci. Mafi sauƙi shi ne a sami irin injin da aka cire sak. Mai bi masa shi ne babban inji daga gida ɗaya, wanda kamfanin ya riga ya sa a wani samfuri na motar ko a 'yar'uwarta, domin ana iya samun kujerun inji da kuloci da lagireto da aka ƙera musamman saboda shi. Mafi wuya, wanda ba a ba sabon hannu shawarar ya taɓa ba, shi ne a ɗauko injin wani kamfani daban a cusa shi da walda da guduma.

Ko 'yan gida ɗaya ma akwai tarko

Kada a ɗauka cewa tun da injuna biyu sun yi kama, to, za su shiga wurin juna salin-alin. Injin Beetle ƙusoshi huɗu ne ke riƙe shi da akwatin giya, har akan yi misali da shi wajen sauƙin cirewa. Amma tsofaffin samfura wutar batir mai bolt 6 suke amfani da ita, na baya kuwa bolt 12. Faifan ƙarfe mai haƙora da ke bayan inji, wanda kika ke kamawa ta juya, haƙoransa 109 ne a na bolt 6, 130 a na bolt 12. Faɗin kuloci milimita 180 ne a ƙananan injuna na dā, 200 a manyan. Saboda haka wanda ya sayo injin 1600 domin tsohuwar 1200 zai iske kikarsa ba ta kama haƙoran sabon faifan, faifan kuma yana gugar bakin akwatin giya sai an rage ƙarfen wurin, sa'an nan kwararan fitila da injin share gilashi da sauran kayan wuta duk sai an mai da su bolt 12. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagara, amma kowanne kuɗi ne da lokaci, kuma mai sayar da inji ba zai ambace su ba.

Lamarin ya fi haka rikitarwa idan injin na zamani ne. Tsohon inji da kafireto yake shan mai, famfonsa kuma turawa kaɗan yake yi. Injin zamani feshin mai ake yi masa da ƙarfi, ninkin-ba-ninkin na kafireto, kuma wata 'yar na'ura da makanikai ke kira ƙwaƙwalwa ita ke sarrafa mai da wuta. Wanda ya sayi irin wannan inji ba tare da ƙwaƙwalwarsa da dukan wayoyinsa ba, ya sayi ƙarfe ne kawai. Wasu ma ba sa tashi sai da mabuɗin motar da aka ciro su daga ciki. Abin da ya fi haɗari kuwa shi ne a haɗa famfo mai ƙarfi da tsofaffin robobin mai na zamanin kafireto. Roba ɗaya ta tsage ta fesa fetur a kan salansa mai zafi, mota ta kama wuta kafin direba ya buɗe ƙofa.

Birki

Nan ne rai yake, saboda haka ya kamata a tsaya a fahimce shi sosai. Aikin birki shi ne ya mai da gudun mota ya zama zafi. Yawan abin da zai sha ba daidai yake tafiya da gudu ba, ninkuwa yake yi. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa, gudunta ya fi na mai kilomita 80 da rabi kawai, amma aikin da birki zai yi kafin ya tsai da ita ya ninka fiye da sau biyu, watau sau biyu da kwata. Tazarar da za ta ci bayan an taka birki ita ma haka za ta ƙaru. Babban inji yana kai mota wannan gudu cikin sauƙi, har direba ba ya jin cewa ya wuce abin da ya saba. Idan kuma injin ya fi nauyi, an ƙara wa birkin gaba wani kaya a kan wanda yake ɗauke da shi.

Birkin ganga a rufe yake, ba ya saurin huce zafi. Idan aka yi ta taka shi a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, gangar takan yi zafi ta buɗe, fatar birki ta daina kamawa, ko kuma man birki ya tafasa ƙafa ta nutse har ƙasa. Man birki yana shan raɓa daga iska, kuma wanda ya daɗe ba a sauya ba ya fi saurin tafasa. Don haka duk wanda zai ƙara wa mota inji, lalle ne ya sa kuɗin birki cikin lissafinsa tun farko: sababbin robobi, da sabon mai, da fatu masu kyau, kuma in akwai samfurin motar mai birkin faifai a gaba, a ɗauko nasa gaba ɗaya. Birki ba wurin gwada dabarar mai walda ba ne.

Tayoyi su ne ke kai aikin birki ga ƙasa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Alal misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, robarta ta bushe, kuma gudu da zafin kwalta su ne ke fasa ta.

Zafi, giya da nauyi

Daga cikin ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke isa ƙafafun mota bai kai sulusi ba a yawancin tsofaffin injuna. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma sai lagireto ya kwashe shi. Lagireton da aka auna domin ƙaramin inji, wanda kuma shekaru sun toshe rabin hanyoyinsa da tsatsa, ba zai iya da babban inji ba, balle a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40, ko a cunkoson Ikko inda mota ke tsaye iska ba ta shiga. Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejojinmu ta cire ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, wai don an yi shi ne saboda ƙasashen sanyi. Cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai da yawa, ya yi saurin cinyewa. Maganin zafi shi ne lagireto mai isasshen girma, da fanka mai kyau, da murfi mai riƙe matsi. Ita kuwa Beetle da iska ke sanyaya ta, gwangwanayen da ke kewaye da injinta da robar da ke toshe gefensa su ne lagiretonta. Wanda ya watsar da su don sun hana shi sakewa wajen ɗauri, ya shirya wa injin ƙonewa.

Ƙarfin inji ta kuloci yake bi, ya shiga akwatin giya, ya wuce farfela, ya isa aksul. Duk wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara karyewa, kuma a tsohuwar mota dukkansu sun riga sun gaji. Har ila yau, haƙoran aksul an zaɓe su ne daidai da juyin tsohon inji. In ba su dace da sabon ba, sai a ga mota tana ihu a babbar hanya tana shan mai, ko kuma tana kasa tashi da kaya, alhali an ce an sa mata babban inji.

Nauyi kuma yana sauya halin mota. Idan gaba ya yi nauyi, sifirin ya durƙusa, sitiyari ya yi tauri, mota ta riƙa neman wucewa kai-tsaye a kwana. A duba ƙarfen da kujerun inji za su zauna a kai. In tsatsa ta ci shi, ba injin da ya dace a ɗora masa.

Wajen saye

Kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Ikko, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, cike suke da injunan da aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Akwai nagari, akwai kuma wanda aka wanke aka shafa wa fenti. Sabon hannu kada ya tafi shi kaɗai. Ya tafi da makanikin da zai yi aikin, wanda ba shi da wani rabo a wurin mai sayarwa. A juya injin da hannu a ji ko yana tafiya ba tare da sarƙewa ba. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga kumfa mai kama da madara, ruwa ya haɗu da mai. A cire fulogi a duba launinsu. A nemi a tayar da shi a ƙasa in zai yiwu. A yi yarjejeniya a rubuce ta kwanakin gwaji da sharaɗin mayarwa. Sa'an nan a karanta lambar da ke jikin injin da ido, a tabbata ba a goge ta ko an sake buga ta ba, a kuma sa mai sayarwa ya rubuta ta a rasit mai ɗauke da sunan shagonsa. Araha ba ta ado, kuma injin da ba shi da lamba ko rasit yana iya zama na sata.

Ranar aiki

Inji mai silinda huɗu yakan haura kilo ɗari. Ba a rataye shi a reshen bishiya da igiyar guga. Ana ɗaga shi da sarƙa da ƙugiya a kan ƙarfe mai ƙafa uku da aka kafa a ƙasa mai tauri, kuma ba wanda zai sa hannu ko kai a ƙarƙashinsa yana lilo. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kafin a taɓa kome a cire wayar batir, a zuƙe fetur a rufe shi nesa da wurin aiki, a hana shan taba da walda kusa da shi, a ajiye abin kashe gobara kusa da hannu. A kori yara daga wurin.

Wanda bai saba ba, ya ɗauki hoton kowace waya da kowace roba kafin ya cire, ya ɗaura mata alama, ya zuba ƙusoshin kowane sashe a gwangwani daban. Abin da ya zama a fili ranar kwancewa, bayan mako biyu ya ɓace daga kai. Tun da inji yana ƙasa, wannan ne lokacin sauya kuloci da robobin da ke hana yoyon mai, domin in an bari sai an sake sauke shi. Kada kuma a watsar da tsohon baƙin mai a kwata ko kusa da rijiya.

Bayan an ɗaura, a zuba sabon mai da ruwa, a tayar da inji a bar shi ya yi zafi a tsaye ana duban yoyo da allurar zafi. Gwajin farko a yi shi a hanyar da ba jama'a, ba fasinja, ba kaya, a gwada birki a ƙaramin gudu kafin a ƙara. A sake bin dukan ƙusoshi bayan 'yan kwanaki. Ma'aunin gudu ma yana iya yin ƙarya in an sauya giya ko aksul ko girman taya, saboda haka a gwada shi da na wata mota.

Takardu

Lambar inji da lambar shasi suna cikin bayanan da aka yi wa mota rajista da su. Da zarar an sauya inji, abin da ke takarda ya saɓa da abin da ke cikin mota, kuma a shingen bincike mai motar ne zai yi bayani. Saboda haka ya je ofishin lasin na jiharsa da rasit ɗin sabon injin da takardun motar a gyara bayanan, ya kuma kai ta wurin jami'an duba lafiyar motoci su gwada ta. Ya riƙe rasit ɗin tare da sauran takardu muddin motar tana hannunsa, ya kuma miƙa shi ga wanda ya saye ta daga baya.

Haka nan ya sanar da kamfanin inshorarsa a rubuce. Inshora yarjejeniya ce da aka ƙulla a kan motar da aka bayyana wa kamfani. Idan aka yi haɗari aka tarar da injin da ba a faɗa ba, kamfani na iya samun hujjar ƙin biya, nauyin diyya ya faɗo a kan mai mota da iyalinsa.

Babban inji kuma bai sauya dokar hanya ba. Bisa ƙa'idojin hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, take aiki da su, iyakar gudun ƙaramar motar gida kilomita 50 ne a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Peugeot 504 da injinta na asali, in yana da lafiya, tana kaiwa nan ba tare da wahala ba. Tun kuma da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da babban inji zai ƙara sha daga aljihun mai mota za ta fito, a farashin kasuwa, kowace rana da motar ta fita.